Yadda Yayata Mai Guga Ta Yi Kansila

Yayata ta yi shekara ashirin da shida tana guga a ɗakin wanki na babban asibitin garinmu. Ɗakin a ƙarƙashin ginin yake. Sai ka sauka matakala goma sha huɗu, ka wuce ɗakin ajiyar katifu, ka bi wani dogon lungu da bututun ruwan zafi ke bi ta samansa suna ɗiga. Injin wanki shida ne a ciki, na busarwa huɗu, sai babban injin guga mai kama da doguwar ganga. Mata biyu ke tsayawa a gabansa suna cusa zannuwan gado, biyu kuma a baya suna tarba suna ninkewa. Yaya tana cikin masu cusawa. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama kusa da rufi, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Takan ce ita da takalmi ta san likitocin asibitin, ba da fuska ba.

Ni ƙanwarta ce, shekara tara ta ba ni, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ina aiki a kantin sayar da magani, gidana da nata bango ne kawai ya raba. Don haka duk abin da zan faɗa, ko dai a gabana aka yi, ko daga bakinta na ji tana jiƙa ƙafa a baho.

Abu biyu ne suka dame ta duk tsawon shekarun nan. Na farko tsayuwa: awa takwas a gaban injin, ba kujera, har jijiyoyin ƙafarta suka fito ruɗu-ruɗu. Na biyu mota. Ƙarfe shida ake fara aiki, amma bas na farko daga unguwarmu sai shida da rabi yake tashi. Wato duk mai wanki da mai shara da mai dafa wa marasa lafiya abinci, sai dai ta taka da ƙafa kusan awa guda, ko ta makara a ba ta takardar gargaɗi.

Yaya ba ta taɓa tunanin waɗannan abubuwan siyasa ba ne. Sakataren ƙungiyar ma'aikatan asibitin ne ya gaya mata haka. Gajeren mutum ne mai saurin magana, kullum da fayil a hammata, kowa Sakatare yake ce masa. Wata rana ya sauko ɗakin wankin yana share gumi, ya ce mata jam'iyyarsu ta 'yan hagu tana neman mace da za ta tsaya takarar kansila a unguwarmu.

"Mece ce kuma hagu?" in ji Yaya.

"Hagu ita ce ɓangaren ma'aikaci da talaka. Dama ta masu hannu da shuni ce."

"To wa ya yi rabon? Su aka ba dama, mu aka bar mu da hagu?"

Matan suka bushe da dariya. Sakatare ya ce bayanin da tsawo, za ta gane a hankali. Ya ce kada ta damu, ba ci za ta yi ba. Doka ce ta ce dole kowace jam'iyya ta tsayar da mata, su kuma ba su taɓa wuce na uku a unguwarmu ba. Sunanta kawai ake so da hoto.

"In ba ci zan yi ba, me zan je yi?"

"Za ki samu ki faɗi maganar motar nan a lasifika, jama'a su ji."

Wannan ne ya ja ta. Doguwa, abokiyar tsayuwarta a bakin injin tun suna sababbi, ta ce, "Je ki faɗa musu, Yaya. Ko ba su ji ba, kin rage abin da ke cikinki."

Ta faɗa kuwa. Taro huɗu aka yi, kuma a dukansu magana ɗaya ta maimaita: mota ƙarfe biyar da rabi, da kujera ga mai aikin tsaye. Ba ta wuce minti uku ta sauka. Abin da ba wanda ya lissafa da shi shi ne, babbar jam'iyyar da ta saba cin unguwarmu ta yi rikici, mutum biyu suka fito daga cikinta suka raba ƙuri'a. Da aka gama ƙirga, Yaya ce a gaba da ƙuri'a arba'in da uku.

Ina kantin magani ta kira ni. Muryarta kamar wadda aka yi wa rasuwa.

"Ke, wai na ci."

"Kin ci me?"

"Abin nan. Yanzu ya zan yi? Gobe fa ina da aiki."

Aikin bai tsaya ba, don kansiloli da yamma suke zama, sau biyu a mako. Da safe ta yi guga, ƙarfe biyu ta wanke fuska, ta sauya kaya a bayan injin busarwa, ta nufi majalisa. Kujeru ashirin da ɗaya ne a zauren. Manyan jam'iyyu biyu kowace tara, 'yan hagu uku: Yaya, da Sakatare wanda shi ma ya ci a tasa unguwar, da wani malamin jami'a da ake kira Dakta, dogo mai furfura, mai ladabi ƙwarai, wanda in ya fara magana sai an kashe masa lasifika.

Ranar farko Dakta ya zaunar da ita ya ce, "Kin ga tara da tara? Ba wanda zai iya yin komai sai da mu. Mabuɗin garin nan yana hannunmu."

Yaya ta yi murna. Ta ɗauka ke nan mota ta zo. A makon ta sa na rubuta mata ƙudurinta, shafi ɗaya, ita tana faɗa ina rubutawa. Har ta sa na saka adadin matan da ke takawa da ƙafa daga unguwanni uku, don ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ƙirga: ɗari da goma sha bakwai.

Dakta ya karɓa ya ce zai ɗan gyara. Bayan kwana goma ya dawo da shafi goma sha ɗaya. Yaya ta kawo mini ta ce in nemo mata motarta a ciki. Na same ta a shafi na tara, layi biyu. Sauran duk bayani ne a kan cewa ya kamata gari ya karɓe dukkan motocin bas daga hannun kamfanin da aka sayar wa su shekarun baya.

"Dakta," ta ce masa, "ni mota ɗaya na roƙa."

"Yaya," shi ma haka yake ce mata duk da ya girme ta, "in muka roƙi ɗaya suka ba mu, shi ke nan sun rufe mana baki. Ciwon ba a motar safe yake ba. Ciwon shi ne wa ya mallaki motocin. Sai mun kama tushen."

Ta ga maganarsa da hankali. Washegari Sakatare ya tare ta a lungun bututu, ya ce ya yi magana da shugaban ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu, wani mai gidajen haya da yawa da ake kira Mai Gidaje. In 'yan hagu suka mara masa baya ya zama shugaban majalisa, zai ba su motar.

"Tushen da Dakta yake faɗa, jikokinmu ma ba lalle su gani ba," in ji Sakatare. "Amma mota a wata mai zuwa za ki hau."

Ta ga shi ma maganarsa da hankali. Ta zo ta same ni ta ce, "Duk wanda na saurara a ƙarshe sai in ga shi ne mai gaskiya. Ko dai kaina ne ba daidai ba?"

Aka kira taron jam'iyya don a warware. Ofishinsu a saman wani shagon faci yake, ɗaki ɗaya da kujerun roba da fanka mai ƙara. Na raka ta ran nan don Asabar ce. Tun ƙarfe goma na safe ake abu ɗaya har rana ta karkata. Dakta ya ce ba zai haɗa hannu da waɗanda suka sayar da motocin gari ba, ko da shi kaɗai zai rage. Sakatare ya ce tsabtar hannu ba ta kai mace wurin aiki. Wani ya kira wani ɗan amshin shata, wani ya ce wani ya sayar da kansa. Sau biyu Yaya ta ɗaga hannu, sau biyu aka ce ta dakata ana kan wata gaɓa. Ana cikin haka mutanen Dakta suka tashi suka fita, suka tafi da rabin kujerun, wai da kuɗinsu aka saya. Muka sauko muka tarar mai faci yana zaune a kan taya yana dariya. Ya ce, "An gama gyara ƙasar?"

Cikin mako guda takarda biyu suka zo gidan Yaya. Hatiminsu iri ɗaya, sunan jam'iyyar iri ɗaya, sai dai ɗaya, ta su Dakta, ta ƙara kalmar "sabuwa" a gaba. Kowace ta ce Yaya tata ce, kuma in ta bi ɗayar an kore ta. Ta ajiye su a kan firij ta ɗora kofi a kai.

Sakatare shi kaɗai ya mara wa Mai Gidaje baya, aka yi goma da tara, Yaya da Dakta ba su jefa ba. Ita ba don ta yanke shawara ba ne ta ƙi jefawa. Ta ce tana cikin tunani aka ce an rufe. Mai Gidaje ya zama shugaba, amma ya ce alkawarinsa da ƙuri'a uku ya yi, ba da ɗaya ba, don haka motar sai an kawo ta zaure an tattauna kamar kowane ƙuduri.

Wata bakwai kafin a saka ta a jerin abin tattaunawa. Ranar na nemi izini a wurin aiki na hau benen 'yan kallo, Doguwa da mata kusan ashirin daga asibitin suna gefena. Aka karanta ƙudurin. Wani ya kawo gyara, cewa a yi gwajin wata uku kawai. Wani ya kawo gyara a kan gyaran, cewa kamfanin ne zai zaɓi hanyar da motar za ta bi. Dakta ya kawo nasa, na karɓe motoci gaba ɗaya, aka kayar nan take. Ana ta ɗaga hannu ana saukewa. Ina hangen Yaya tana juya takardu, tana duban wannan tana duban wancan. Can ta danna maɓallin lasifikarta, abin da ba ta cika yi ba.

"Don Allah ina da tambaya. In na ɗaga hannu yanzu, mota za ta zo?"

Akawun majalisa ya ce, "Ranki ya daɗe, yanzu ba a kan mota ake ba, a kan gyaran gyara ake."

Aka yi dariya, har da wasu a benenmu. Yaya ta kashe lasifikar.

Da aka zo ƙuri'ar ƙarshe, Dakta ya turo mata 'yar takarda. Daga baya ta nuna mini. Ya rubuta: "Wannan ba ƙudurinki ba ne kuma. Wata uku ne, kuma kamfani zai bi da ita hanyar da ba kowa, ya ce ba riba, ya soke har abada. Ki ƙi." Sakatare kuma daga can gefe yana yi mata alama da ido da hannu, ɗaga, ɗaga. Aka ce masu goyon baya. Na ga hannunta ya taso zuwa kafaɗa, ya tsaya, ya koma. Aka ce masu ƙi. Ta ɗaga. Goma sha ɗaya da goma. Ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a ɗaya, tata.

Wata jarida ta buga cewa kansila mai guga ta kashe ƙudurinta da hannunta. Washegari a bakin injin, ita da Doguwa suka yi awa takwas suna riƙe da gefe biyu na zanen gado ɗaya. Da aka tashi Doguwa ta ce, "Ni ban san siyasa ba. Amma ko wata ukun ne, da ƙafata ta huta wata uku."

Yaya ta zo gidana ta zauna a bakin gado da takalminta. Ta ce, "Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Na karanta takardar Dakta na ga gaskiya ce. Na dubi benen na ga Doguwa, ita ma gaskiya ce. Ke da ke ce ya za ki yi?" Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba.

Haka ta yi shekara biyu tana zuwa zama. Ta koyi abubuwa: ta san a wane shafi ake ɓoye abin da ba a so a gani, ta san akawu ya fi kowa sanin ranar da abu zai motsa. Ta sa an gyara fitilun titi biyu da wata kwata da ta toshe a bayan makaranta, amma waɗannan ba ta hanyar zaure ba, waya ta riƙa bugawa har aka gaji da ita.

Saura wata biyar zaɓe, Mai Gidaje ya tsayar da ita a baranda. Mutum ne mai fara'a, yana tambayar lafiyar kowa da sunan 'ya'yansa.

"Kansila, takardar nan taki ta farko, mai shafi ɗaya, tana nan?"

"Tana nan, ranka ya daɗe. Me za a yi da ita?"

"Ina so in duba wani abu."

Ta ba shi. Ba ta gaya wa Dakta ba, ba ta gaya wa Sakatare ba, ta ce ba ta ga abin ɓoyewa a maganar da ta faɗa a lasifika sau huɗu ba. Bayan mako uku ƙuduri ya shigo zaure da sunan Mai Gidaje: bas ƙarfe biyar da rabi ta hanyar asibiti, ba gwaji, da kujera ga duk ma'aikacin gari mai tsayuwar fiye da awa huɗu. Kalmominta ne, har da ɗari da goma sha bakwai ɗin. Ɗaya babbar jam'iyyar ba ta so a ce ta ƙi ana gab da zaɓe, ita ma ta goyi baya. Minti goma ba a yi ba aka gama. Ashirin suka ɗaga hannu, Yaya a ciki. Dakta ya naɗe nasa, ya ce yaudarar zaɓe ce.

Motar ta fara aiki ran Litinin, da hoton Mai Gidaje a jikinta yana murmushi. Yaya ta hau ta tarar ba wurin zama, ta tsaya har asibiti. Kujerun ma sun zo, guda goma sha biyu, amma gajeru ne, in ka zauna bakin injin ya fi ƙarfin hannunka. Sai da ta roƙi mai waldan asibitin ya ƙara musu ƙafa kafin suka yi amfani.

A zaɓen, 'yan hagu biyu suka fito a unguwarmu, Yaya da wani da sabuwar jam'iyyar ta tsayar. Ita ta zo ta uku, shi na huɗu. Ɗan takarar Mai Gidaje ya ci. Doguwa ba ta ɓoye ba, ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ni wanda ya kawo mota na zaɓa."

"Ai ni na rubuta takardar."

"Na sani. Amma a hannunki ba ta zo ba."

A makon Dakta ya zo gida yi mata jaje, shi ma ya rasa kujerarsa. Ya zauna ya sha shayi, fuskarsa a sake. Ya ce, "Kada ki ɗauka mun faɗi. Shekara biyar da suka wuce, wa ke maganar ƙafar mai guga a zauren nan? Yau mai gidajen haya ne yake yaƙin zaɓe da ita. Mun ja su zuwa inda muke. Nasara ke nan."

"To me ya sa ba ka ɗaga hannu ba?"

"Wannan daban ne," in ji shi, ya shiga bayani mai tsawo.

Bai daɗe da fita ba Sakatare ya shigo, shi ya tsira da tasa kujerar da ƙyar. Ya ce, "An gama da mu. Mun yi aiki, wani ya ɗauki suna. Jam'iyyar da ba ta iya cewa ni na yi, ta mutu."

Da ya tafi Yaya ta dube ni. Ta ce, "Wanda ya faɗi ya ce mun ci. Wanda ya ci ya ce mun faɗi. Ni kuma ina hawan mota." Sannan ta ce in miƙo mata man shafawar ƙafa.

Shekara uku bayan haka ta yi ritaya. Ba ta sake tsayawa takara ba, duk da ɓangarorin biyu sun nema. Har yanzu dukansu suna aiko mata da gayyatar taro, wani lokaci a rana ɗaya, sai ta je wanda ya fi kusa.

Bara wasu mata huɗu suka yi sallama a gidanta da rana, masu karɓar kuɗi a wani babban kanti. Sun ce an hana su fita bayan gida sai sau ɗaya a yini, kuma an gaya musu ita ta san hanya. Ta ce ita ba ta san wata hanya ba, amma su zauna. Ta sa aka kira ni da biro da takarda. Ta ce su faɗi abu ɗaya kawai, kada ya wuce shafi guda, kuma su ƙirga ko su nawa ne, kada su ce "da yawa".

Babbarsu ta ce, "To Goggo, wace jam'iyya za mu kai wa?"

Yaya ta ce, "Ku buga guda huɗu, ku kai wa kowa. Amma ku fara da su Dakta, don su ne za su yi ta surutu a kai har sauran su ji kunya. Ko kuma ku fara da Sakatare. A'a, ku tsaya." Ta dafe goshi. "Ku dai kai."

Sun kai. Takardar tana gaban wani kwamiti wata bakwai ke nan, an ce ana duba ko majalisar gari tana da hurumi a kan kantin da ba nata ba. Duk Litinin da hantsi Yaya takan buga wa akawun waya ta tambaya. Makon jiya ya ce mata an ɗage zaman, ta ce to, za ta sake kira.